Wace Switch zan saya wa yara a Legas, kuma da me zan haɗa ta?

Wani Alhaji mai shagon atamfa a Agege ya aiko da tambaya: "Yarana uku, babban shekararsa 13, ƙaramar 6, sun hana ni sakat sai na saya musu Nintendo Switch. Na shiga Computer Village, wani ya ce in ɗauki Lite, wani ya ce OLED, wani ya ce duk sun zama tsohon yayi, Switch 2 ake yi yanzu. Har da wanda ya nuna min wata ya ce an zuba mata wasanni kyauta fiye da ɗari. Wacce zan saya, me zan haɗa da ita, wane wasa ya dace da yara, kuma akwai ƙwallo a ciki?"

Alhaji, Allah ya raya su, ya shirya mana su. Gyaran waɗannan na'urorin wasan bidiyo ne sana'ata a nan Ikeja, don haka zan ba ka amsa ne da idon wanda ake kawo wa su bayan sun lalace.

Mu fara fitar da Lite daga lissafi. Ba wai ba ta da kyau ba ne. Ta fito a Satumba 2019, ƙarama ce, mara nauyi, gilashinta inci 5.5, kuma ita ce mafi arha. Amma ba ta haɗuwa da talabijin ko ta wace hanya, domin babu abin da ke fitar da hoto a cikinta, kuma hannayenta a manne suke da jikinta, ba sa cirewa. Na'urar mutum ɗaya ce. Ka ba yara uku abin mutum ɗaya, ka sayi rigima da kuɗinka, kuma uwargida ce za ta sha raba faɗa kana can shago.

Saura uku. Ta asali ta fito ranar 3 ga Maris 2017, da gilashi inci 6.2 da ma'aji mai cin 32GB. A nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa, domin iri biyu ce kuma kamanninsu ɗaya sak. Ta farko batirinta na yin awa 2.5 zuwa 6.5, gwargwadon nauyin wasan. A 2019 aka sake fitar da ita da sabon cif mai ƙarancin cin wuta, batirin ya koma awa 4.5 zuwa 9. Ita ake kira V2 a kasuwa, kwalinta ja ne. Amma kada ka dogara da kwali, ana sauya shi. Juya bayan na'urar, ka nemi lambar HAC-001(-01). Idan babu wannan -01 ɗin na ƙarshe, ta farko ce. Sannan ka duba lambar siriyal da ke gindinta: V2 tana farawa da XK, tsohuwar da XA. Tsohuwar da aka ƙera a 2017 batirinta ya riga ya sha jiki, kuma Nintendo da kansu sun ce bayan caji kusan 800 ƙarfinsa yana sauka zuwa wajen kashi 80 cikin ɗari.

OLED ta zo a Oktoba 2021. Ƙarfin injinta daidai yake da na V2, wasan da wannan ta ɗauka shi waccan ke ɗauka, kuma a talabijin ba za ka ga bambanci ko kaɗan ba. Abin da aka ƙara mata shi ne gilashi inci 7 mai fitar da launi sosai, ma'aji 64GB, ƙafar jingina mai faɗi (ta tsohuwar siririya ce, yara kan karya ta a makon farko), da ramin wayar intanet a jikin dok, wato mazaunin da ake zura ta ciki don ta hau talabijin. Idan a falo yaran za su fi wasa, V2 ta wadatar. Idan a hannu za ta fi zama, kuma bambancin kuɗin bai yi maka nauyi ba, OLED ta fi daɗin kallo.

Switch 2 kuma ta fito ranar 5 ga Yuni 2025 a kan dala 449.99 a Amurka, kafin a ɗora kuɗin jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba: gilashi inci 7.9, ma'aji 256GB, tana iya ba da 4K a talabijin, kuma tana karɓar mafi yawan kaset ɗin tsohuwar, wato ɗan katin da wasa ke ciki. Wanda ya ce maka ita ake yi bai yi ƙarya ba. Sai dai kayanta duk sun fi tsada. Ba ta karɓar memori na yau da kullum, sai wani iri da ake kira microSD Express. Mario Kart World, babban wasanta, dala 79.99 ne. Batirinta awa 2 zuwa 6.5, bai kai na V2 ba. Kuma kayan gyaranta ba su yi yawan na tsohuwar a kasuwarmu ba. Ga yaran da ba su taɓa riƙe irin wannan na'ura ba, ni V2 ko OLED mai lafiya zan saya, in sa ragowar kuɗin a kaset da kayan kariya. Idan kuma ka nace sai Switch 2, ka kiyayi wata da aka yi don kasuwar Japan kaɗai, wadda ake sayarwa da rahusa a can: Japananci kawai take yi, ba a sauya mata harshe. Haka a tsohuwar Switch akwai ta ƙasar Sin mai tambarin Tencent a kwali, wadda ba ta shiga shagon intanet na sauran duniya. Ban da waɗannan biyun, Switch ba ta da shingen yanki, kaset ɗin Amurka ko Ingila ko Dubai duk suna aiki a na'ura ɗaya.

Ita kuwa mai wasa ɗari kyauta, ka bar masa abarsa. An fasa ta ne, ko ta wani rauni da ke cikin samfurin farko, ko an buɗe ta an yi wa allonta waldar wani ɗan cif. Wasannin da ke ciki kwafi ne da ba a biya masu su ba, wannan kuma kai da zuciyarka, ka san hukuncin kayan da ba a saya ba. Ta fuskar aiki ma, idan irin wannan na'ura ta hau intanet Nintendo suka gane, sai su toshe ta har abada, ba shiga shago, ba wasa da mutane, sai ta riƙa nuna lambar kuskure 2124-4007. Toshewar a jikin na'urar take, ko ka goge komai ka buɗe sabon asusu ba ta tashi. Kuma waldar ta cif idan hannun da ya yi ta ba gwani ba ne, wata rana sai ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga gwaji, idan ta hannu za ka saya, ko a titin Otigba na Computer Village ko a kasuwar Alaba International. Kada ka biya sai ka kunna hotspot na wayarka ka haɗa ta, ka buɗe eShop, shagon Nintendo na intanet, ka ga ya buɗe. Ka shiga System Settings, ka gangara Controllers and Sensors, ka zaɓi Calibrate Control Sticks. Za ka ga da'ira da alama a tsakiya. Idan ka saki sandar amma alamar tana rarrafawa gefe da kanta, hannun ya kamu da ciwon da aka san Joy-Con, wato hannayen Switch masu cirewa, da shi. Ka zura hannayen biyu a gefe ka ɗan tura su sama ba tare da danna maɓallin baya ba, idan suka zame, makullin ya cinye. Ka sa kaset ka ga ta karanta. Ka sa a zura ta a dok a gabanka ta fito a talabijin, domin akwai wadda take caji lafiya amma cif ɗin hotonta ya ƙone. Ka saurari fanka, kada ta riƙa ƙara kamar tana niƙa tsakuwa. Sannan ka tabbata mai ita na baya bai bar lambar sirrin iyaye a kai ba, a goge ta tas a gabanka. Mai shagon da ya ce ba shi da lokacin wannan gwaji, ka yi masa sallama, shaguna ba su ƙare ba.

Yanzu kayan haɗi. A nan zan daɗe, domin yawancin waɗanda ake kawo min matattu, caja ce ta kashe su.

Cajar Switch ta asali tana ba da 15V a 2.6A, wato wat 39, kuma dok ba ya aika hoto talabijin sai ya sami wannan. Tana karɓar wuta daga 100 zuwa 240V, don haka ko ta Amurka ce ba ta buƙatar taransifoma, kan soket kawai za ka canza. Ta Ingila kuwa mai ƙafa uku kai tsaye take shiga bangonmu. Matsalar ita ce ramin cajin USB-C ne, irin na wayoyin yanzu, sai yaro ya ga ai kowace caja tana shiga. Cajar waya mai kyau ba za ta yi ɓarna ba, za ta dai yi jinkiri. Amma jabun caja da jabun dok, irin masu arha da ba su da suna, sukan tura wuta ta layin da bai kamata ba, su ƙona wani ɗan cif mai suna M92T36 da ke kula da shigar wuta. Alamarsa na'ura ta daina caji, ko ta tsaya a tambarin Nintendo. Ana canza shi, amma aikin iska mai zafi ne da madubin ƙara girma, ba kowane mai gyaran waya ke iya shi ba. Ka tabbata cajar da aka haɗa maka mai tambarin Nintendo ce, lambarta HAC-002, kuma tana da ɗan nauyi a hannu. Idan mai sayarwa ya ce ta ɓata ga wata, a rage kuɗi, ka nemi ta asali.

Sai wutar gida. Lokacin da ake dawo da wuta, da lokacin da ake juyawa daga janareta, su ne masu haɗari. Ka sa dok da talabijin a bayan abin kare hawan wuta mai inganci ko sitabilaiza, kuma ka koya wa babban yaron ya zare caja idan za a tada janareta, sai ya daidaita a mayar. Wani abin daɗi da Switch ta fi PlayStation da shi a garin nan: idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, talabijin ne kawai zai mutu. Na'urar tana kan batirinta, a zaro ta daga dok a ci gaba daga inda aka tsaya. Idan kana son pawa bank saboda tafiya, ko dogon zaman mota zuwa Kano da sallah, ko gosulon hanyar Abeokuta, nemi wanda aka rubuta PD a jikinsa kuma yana ba da 15V, da waya mai USB-C kai biyu.

Gilashin kariya ka manna shi tun a shago. Fuskar V2 roba ce, kuma bakin dok kan goge ta idan yaro ya zura da gaggawa. OLED fuskarta gilashi ce, amma akwai wata siririyar leda da kamfani ya manna a kai don kada ya tarwatse idan ya fashe. Kada a ɓare ta, a ɗora na kariya a samanta. Sai jaka mai tauri mai aljihun kaset. Kaset ɗin bai fi kan babban yatsa ba, ɓacewarsa ba wuya. An shafa masa wani sinadari mai tsananin ɗaci don kada ƙananan yara su haɗiye, amma ɗacin ba ya hana shi faɗawa ƙarƙashin kujera.

Memori kuwa, 128GB ko 256GB ya ishe ku, duk da na'urar tana ɗaukar har 2TB. Jabunsa ya cika gari. Za a rubuta 512GB, na'ura ma ta nuna haka, alhali cikinsa bai wuce 16 ko 32 ba. Sai ka sauke wasa ya wuce wannan iyaka, komai ya lalace, datarka ta tafi a banza. Idan farashin ya yi arhar da ta ba ka mamaki, jabu ne. Akwai manhajar kwamfuta kyauta mai suna H2testw da ke cika katin ta karanta shi ta faɗi gaskiyar girmansa. Ka kuma sani cewa ci gaban da yaro ya yi a wasa ba a kan kaset ko memori ake ajiye shi ba, a cikin na'urar ne. Wannan yana da amfani, don kana iya sayar da kaset ka sake sayensa bayan shekara ka tarar da komai. Amma idan na'urar ta mutu ko aka sace, ya tafi, sai ga mai biyan Nintendo Switch Online, wanda ke ajiye kwafi a intanet. A asusun Amurka dala 19.99 ne a shekara, na iyali mai ɗaukar asusu takwas dala 34.99.

Hannaye: na'urar tana zuwa da Joy-Con biyu, kowanne idan aka kwantar da shi yana zama hannun mutum ɗaya, don haka yara biyu sun samu. Na uku sai ka ƙara. Pro Controller, babban hannun Nintendo mara waya, na asali batirinsa na kai wajen awa 40, ya fi daɗin riƙo, ya fi jure wahala, amma shi ma ana jabunsa sosai. Hannu mai waya na kamfanonin da Nintendo suka ba lasisi, irin Hori da PowerA, ya fi arha kuma ba ruwansa da caji. Game da ciwon sandar nan, ka sa a ranka zai zo. Cikin sandar akwai wani siririn fili da ƙarfe ke gogawa, yana cinyewa, ƙura da gumi kuma suna ƙara masa gudu. A Amurka da Turai Nintendo suna gyara shi kyauta, mu nan ba su da cibiyar gyara. Idan ya faru kada ka sayi sabon hannu, a canza sandar kaɗai, kuma ka ce a sa irin mai maganaɗisu da ake kira Hall effect, wadda ba ta gogayya. Abin kunne na Bluetooth yana aiki tun sabuntawar Satumba 2021, amma idan yana haɗe, hannaye marasa waya biyu kawai za su yi aiki. Sitiyarin roba da rigunan ado da su fanka ta waje, duk ka bar su. Abin da take so shi ne iska: an yi ta ne don zafin da bai wuce digiri 35 ba, kada a cusa dok cikin kabad, kada a bar ta a mota da rana, kada a yi wasa da ita a kan katifa ramukan iskarta a toshe.

Wasanni. Idan guda ɗaya za ka fara da shi, Mario Kart 8 Deluxe ne. Tseren motoci ne, mutum huɗu a talabijin ɗaya, filaye 48. Abin da ya sa na zaɓe shi saboda gidanka shi ne akwai saitin da ke riƙe wa yaro sitiyari kada ya faɗa rami, da wanda ke taka masa mai da kansa. Ka kunna wa 'yar shekara 6 su biyun, za ta yi tsere da yayyenta ba kuka. Bayansa Super Mario Bros. Wonder na 2023, shi ma mutum huɗu, kuma akwai 'yan wasan da abokan gaba ba sa yi musu illa, an yi su don ƙanana. Minecraft gini ne da tunani, yara ba sa gajiya da shi. Nintendo Switch Sports yana sa su tashi tsaye su motsa jiki, amma a ɗaura igiyar hannun a wuyan hannu, in ba haka ba talabijin ne zai ji a jikinsa. Akwai kuma wani da ba a cika ambata ba, Clubhouse Games: 51 Worldwide Classics, wanda a Turai ake kira 51 Worldwide Games. Cikinsa akwai ludo, da diraf, da domino, da mancala, ɗan'uwan ayo ɗin da maƙwabtanmu Yarabawa ke bugawa. Wannan kai ma za ka zauna, Alhaji. Babban yaron kuma, idan Turancinsa ya yi ƙwari, The Legend of Zelda: Breath of the Wild zai riƙe shi wata da watanni, na mutum ɗaya ne kuma yana buƙatar karatu da haƙuri.

Ƙwallo akwai, amma a yi hattara. FIFA 20 zuwa FIFA 23 na Switch duk Legacy Edition ne, wato tsohon wasa ɗaya ake sauya wa riguna da sunayen 'yan wasa kowace shekara. Daga EA Sports FC 24, na Satumba 2023, aka kawo cikakken wasan, sai dai bai kai santsin na PlayStation ba, kuma ko da kaset ka saya sai ka sauke kaya mai yawa, girmansa ya haura 30GB. Ka ga ya cinye ma'ajin V2 shi kaɗai, dole sai da memori. PES babu shi a wannan na'ura. Haka GTA V da God of War da Spider-Man na Sony, idan yaran sun ambace su, ba a nan suke ba. Idan ƙwallo ce kaɗai damuwarsu, gaskiya PS4 ta hannu ta fi dacewa. Mortal Kombat akwai, amma na 'yan shekara 18 ne, jini ne da yanka. Ka riƙa duba kusurwar kwali: na Turai lamba ce, 3, 7, 12, 16, 18, na Amurka harafi, E na kowa, T na matasa, M na manya.

Kaset ko saukewa? A Legas kaset. Ba ya cin data sai ɗan sabuntawa, ana aronsa, ana musayarsa da ciko a shago, kuma wasannin Nintendo ba sa faɗuwa a farashi kamar sauran, ko bayan shekaru za ka sayar da daraja. Ka dai karanta gaban kwali. Wani lambar saukewa ce kawai a ciki ba kaset, wani an rubuta cewa sai an sauke ƙari. A Switch 2 ma akwai wanda ake kira game-key card, kaset ne a ido amma mabuɗi ne kawai, wasan duka daga intanet zai zo. Wanda aka rubuta Cloud Version kuwa kada ka kusance shi, a wata kwamfuta can ƙasar waje yake gudana, intanet ɗinmu ba zai riƙe shi ba.

Babu shagon eShop na Najeriya. Abin da mutane ke yi shi ne su sa ƙasar asusun Amurka ko Ingila ko Afirka ta Kudu, su sayi katin kuɗi na ƙasar. Katin dala ba ya shiga asusun Ingila, kuma ƙarin kayan wasa da ake saya daban sai ya dace da yankin kaset ɗin, don haka ka tsaya a yanki ɗaya. Fortnite da Rocket League kyauta ne kuma ba sa buƙatar biyan kuɗin shekara, amma suna shan data, kuma akwai saye-saye a ciki, kada ka bar katin banki a asusun. Wasa da mutanen waje ta intanet ma ba kullum yake yiwuwa ba. Idan ka danna Test Connection za ka ga wani abu NAT Type. A ko B lafiya, amma datar waya da MiFi sukan ba da C ko D, sai Mario Kart ya kasa haɗa ka da kowa. Kada ka biya kuɗin shekara don wannan sai ka duba.

Kafin ka miƙa musu, sauke manhajar Nintendo Switch Parental Controls a wayarka, kyauta ce a Android da iPhone. Da ita za ka sa awannin wasa na kowace rana, na Asabar daban da na ranar makaranta da Islamiyya, ka sa lokacin kwanciya, ka zaɓi ta dakatar da wasan da kanta idan lokaci ya cika, ka hana wasannin da suka fi shekarunsu. Kana shago za ka ga me aka buga, na tsawon wane lokaci. Lokacin na na'urar ne gaba ɗaya, ba na kowane yaro ba, don haka idan ka sa awa biyu, su ukun ne za su raba, sai ka tsara musu yadda babban ba zai cinye rabon ƙannensa ba. Kowa ka buɗe masa sunansa a ciki, tana ɗaukar har takwas, don kada wani ya goge wasan wani. Lambar sirrin kuma kada ta zama shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka, su ne farkon abin da ɗan shekara 13 zai gwada.